Ranar da Aji Ya Zana Fuskar Gefe

Butar tangaran ta riga ta tarwatse a ƙasa kafin 'Yar Gwaji ta juyo daga allo. Mariƙin butar ya gangara ƙarƙashin bencin gaba, murfin kuma ya yi ta juyi a kan siminti kamar ba zai tsaya ba. Yaran aji huɗu suka yi tsit, kowa ya harɗe hannu a ƙirji, kowa ya zama waliyyi. Ba ta ma kai ga tambayar wanda ya ture teburin ba sai ta ji ƙarar babur a ƙofar makaranta, irin ƙarar nan mai tari da duk ɗaliban kwalejin horon malamai suka sani ko a cikin barci.

Jan Biro ne ya iso.

Shi ne malamin kwaleji mai zagayawa duba ɗaliban da aka tura gwajin koyarwa. Ba ya sanar da zuwansa, ba ya kuma zuwa sau biyu. Zai zauna a bayan aji, ya kalli darasi guda, ya rubuta abin da ya ga dama da jan bironsa, shi ke nan an gama da kai. Bara shi ya kayar da 'Yar Gwaji a gwajinta na farko. Ta zana kofi a allo ta ce yara su kwafa, yadda ta ga ana yi tun tana firamare, shi kuwa ya ce mata a gaban yaran wannan kwafi ne ba zane ba, kuma ko injin gurza takarda zai iya koyar da shi. Kwaleji sau biyu take ba mutum dama. Yayanta, wanda take zaune a gidansa tun rasuwar mahaifinsu, ya riga ya faɗa mata ba tare da ɗaga murya ba cewa in ta sake faɗuwa, akwai kujera a bayan kantar shagonsa na kayan famfo, kuma kujerar ba ta da ranar tashi.

Shi ya sa ta aro butar matar yayanta, bayan roƙo da rantse-rantse. Kullum tana naɗe da ita cikin tawul a jaka, kullum tana ɗora ta a tebur in lokacin zane ya yi, don duk ranar da Jan Biro ya faɗo ya tarar da yara suna kallon abu na gaske. Yaran har sun gaji da butar, suna kiranta ƙanwar Malama. Yau kuwa ga ƙanwar Malama a ƙasa, guntu-guntu.

Uwar Aji tana zaune a bakin ƙofa tana yanke farce da reza. Ita ce ainihin malamar ajin, ta daɗe a makarantar har wasu iyayen yaran ta koyar da su, kuma ita ta raɗa wa baƙuwar suna 'Yar Gwaji tun ranar farko, sunan ya bi ta har wurin mai gadi. Ba ta ɗago kai ba ta ce a zana musu kofi a allo kawai, su da suka shekara da shekaru suna yin haka ai ba su mutu ba.

'Yar Gwaji ta waiga ko'ina. Bokitin shara mai ɓuli, tsintsiya, guntun alli. Ta kalli jakar hannun Uwar Aji, Uwar Aji ta jawo abarta ta danne da gwiwar hannu. Ta taga kuwa tana hango Jan Biro yana kafe babur, Hedimasta ya fito yana ta rusunawa yana gyara wuyan riga. Maganar da mutumin yake maimaitawa a lacca ta dawo mata kunne: a ba yaro abin da ke da haske da inuwa, abin da zai tilasta masa ya duba. Ba ta san ta faɗe ta a fili ba sai da Uwar Aji ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Haske da inuwa kike nema?" Ta turo baki wajen lungun aji. "Ga shi can Allah ya ajiye miki, kyauta."

A lungun, jikin bango, Gefe ce zaune.

Yara ne suka sa mata sunan, saboda ba ta taɓa fuskantar mutum gaba da gaba. Kullum kuncinta na hagu yana wajen bango, ɗankwalin makaranta a jawo har kusan hanci, in tana tafiya a baranda sai ka ga tana bin gini kamar ƙadangaruwa. Wuta ce ta cinye mata rabin fuska tun tana rarrafe. Fatar wurin ta tattare tana sheƙi, ta ja gefen ido ƙasa, ta ja gefen baki sama, kunnen kuma ya narke ya rage ɗan ƙulli. A makarantar kaf ba wanda ya taɓa ganin wurin sosai sai 'Yar Gwaji.

Ba da gangan ta same ta ba. Lokacin tara, in yara sun watse waje, yarinyar takan rage a aji tana zane a bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Hannaye take zanawa, kullum hannaye, kuma kullum yatsun hannun dama a manne da juna. 'Yar Gwaji ta sha gyara mata, tana cewa yatsu biyar ne a rarraba su, yarinyar ta ce a hankali ai haka suke. Ban da wannan taurin kai, ba a taɓa ganin yaro mai ido irin nata ba. 'Yar Gwaji ta riƙa kawo mata fensir mai laushi, ta koya mata murza inuwa da yatsa, har wata rana zafi ya yi yawa yarinyar ta zame ɗankwali, ta ci gaba da zanenta. A ranar ta roƙi abu ɗaya tak, kada a taɓa kiranta gaban aji, ko don goge allo. 'Yar Gwaji ta dafa kanta ta ce muddin tana makarantar nan ba mai fito da ita.

Takun takalmi ya doso baranda. Monita ya buga benci, yara suka miƙe suka rera gaisuwa. Jan Biro ya shigo, dogo, siriri, gilashi a kan karan hanci, ya tsallake ɓaraguzan butar ba tare da ya tambaya ba, ya wuce baya ya kori yaro ɗaya daga benci ya zauna. Ya zaro biron ya cire marfinsa da haƙori.

'Yar Gwaji ta ɗauki alli. Ta rubuta kwanan wata a allo, ta rubuta Zane, ta ja layi a ƙasa, ta sake jan wani layin. Bayanta shiru, sai ƙarar rezar Uwar Aji. Ta tuna warin roba da gam na shagon Yaya, da yadda yaran shagon suke kiranta Malama suna ƙunshe dariya. Ta juyo.

"Yau za mu zana fuskar mutum," ta ce. "Gefe, taso."

Yarinyar ba ta motsa ba. Ta ɗago ido ɗaya ta dube ta, irin duban wanda yake zaton bai ji daidai ba. 'Yar Gwaji ta sake kira, da fara'a, da muryar nan mai zaƙi da ake koya musu a kwaleji. Da ta ga biron ya fara sauka kan takarda, sai ta taka da kanta har lungun, ta kamo hannun yarinyar. Hannun ya yi sanyi. Ta sunkuya kamar mai lallashi, ta raɗa mata cewa ɗan lokaci kaɗan ne, ta taimake ta, in ba haka ba ita Malama za a kora daga kwaleji. Yarinyar ta miƙe. Wannan ne abin da ya fi damun 'Yar Gwaji daga baya, in ta bari ya dame ta: ba jan ta ta yi ba, da ƙafarta ta biyo ta.

Ta ɗora kujera a kan tebur, ta ɗaga yarinyar ta zaunar. Gefe ta juya kuncin hagu wajen allo, ta ba aji lafiyayyen ɓangaren. Fuska ce kyakkyawa, sumul, ba abin da zai tsayar da ido. 'Yar Gwaji ta saci kallon baya, ta ga Jan Biro yana hamma yana duba agogo.

Sai ta sa yatsu biyu ta kama haɓar yarinyar, ta juyo da ita wajen taga. Da ɗaya hannun ta zame ɗankwalin.

Ajin ya ja numfashi gaba ɗaya. Wata yarinya a gaba ta rufe baki, wani yaro daga tsakiya ya ce kamar an gasa leda, dariya ta fara tashi. 'Yar Gwaji ta buga rula a tebur, ta ce a ajinta ba a dariya, dubawa ake yi. Daga nan kuma bakinta ya buɗe. Ita kanta ba ta san tana da wannan darasi a cikinta ba. Ta nuna musu inda hasken taga ya faɗa kan fatar ya yi ƙyalli, da inda ya shige cikin tattarar ya ɓace. Ta bi layin da ya taso daga ido zuwa baki da bakin rula, ba ta taɓa fatar ba, saura ƙiris. Ta ce su gwada nisan idon hagu da na dama da fensir, su rufe ido ɗaya, za su ga ba daidai suke ba. Ta hana su zana kunne irin na littafi.

"Abin da kuka gani za ku zana, ba abin da kuka sani ba. Wanda ya gyara mata fuska ya faɗi."

Kawuna suka duƙa. Ba a taɓa yin shiru irin wannan a aji huɗu ba. Yaran da ba sa iya zama wuri ɗaya suka kafe yarinyar da ido, su duba, su zana, su sake dubawa, wasu harshe a waje. Uwar Aji ta ajiye reza ta gyara zama. Duk sanda wuyan Gefe ya fara komawa wajen allo, 'Yar Gwaji ta miƙa hannu ta dawo da shi, tana murmushi, yatsunta suna ƙara nutsewa a haɓar. Ta ji jijiyar wuyan yarinyar tana bugawa a ƙarƙashin ɗan yatsanta kamar ta tsuntsun da aka kama.

Can hawaye ya taru a idon hagun, wanda dama ba ya rufuwa sosai, ya gangaro ya bi ta cikin tattarar fatar a karkace. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya ko har da hawayen za a zana. 'Yar Gwaji ta dubi bayan aji. Jan Biro ya daina rubutu, ya cire gilashi, ya jingino gaba yana jiran amsarta.

"Kin gan shi?" ta ce.

"Na gan shi, Malama."

"To zana shi."

Da aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya tashi. Jan Biro ya zagaya benci-benci yana ɗaga takardu yana gyaɗa kai. Ya ce wa Hedimasta, wanda ya leƙo jin yadda aka kwashe, cewa ya daɗe bai ga darasin lura irin wannan ba, ɗalibar nan ta bara ta zama malama. Ya yaba da dabarar amfani da abin da ke cikin aji maimakon kashe kuɗi, ya ce zai ba da misali da ita a lacca. Ya zaɓi zane biyu mafi kyau ya sa a jakarsa. Da zai fita ya ɗan tsaya gaban teburin, ya ce da yarinyar ta iya zama ba motsi, an gode, kamar yadda ake gode wa wanda ya riƙe maka tsani. Ya ba da shawarar a manna sauran a allon baranda, yadda makarantar ta saba yi da duk aikin da baƙo ya yaba. Sakamako kuwa ya ce ya rubuta nasa, saura hatimin Hedimasta ranar da za ta kammala, wanda ke shaida ta zauna lafiya ba ƙorafin iyaye. In babu hatimin, nasa jan biron ba ya aiki.

Babur ya yi tari ya tafi. 'Yar Gwaji ta jingina da allo, daɗi yana hawa mata kai kamar zazzaɓi. Sai da Uwar Aji ta ce a sauko da kayan aikin mana, sannan ta tuna yarinyar tana kan tebur har yanzu.

Ta sauko da ita, ta miƙa mata ɗankwali. Gefe ta ɗaura, ta jawo shi har hanci, ta tsaya tana kallon Uwar Aji da ke tattara takardu tana ba kowa maki a littafin aji.

"Malama, ni ban zana ba," ta ce.

Uwar Aji ta ce ai kuwa wanda bai miƙa takarda ba sifili ne, doka ce, ba ita ta kafa ta ba, kuma ta zana ƙwallon sifilin a gaban sunan yarinyar tana kallo. 'Yar Gwaji ta yi saurin zaro farar takarda ta ce ta je gida ta yi nata, ta duba madubi ta zana abin da sauran suka zana, gobe a gyara makin. Yarinyar ta ce ba su da madubi a gida, mamarta ta fitar da su tuntuni. 'Yar Gwaji ta ce to ta zana duk abin da ta gani yau. Ta faɗi haka ne tana kallon wani wuri.

Kafin a tashi, Uwar Aji ta sa an manna zanukan a allon baranda, layi-layi, fuska sama da arba'in, duk fuska ɗaya. Wasu sun yi kama har abin ya ba da tsoro, wasu kuma dodo ne kawai mai ido a kumatu. 'Yan aji shida suka yi cincirindo, 'yan aji ɗaya suna ɗage a bayansu. Dole ta nan ake fita. Gefe ta zo ta bi jikin gini yadda ta saba, sai dai yau ginin ne yake kallonta. Wani ya ce ta tsaya a gwada wanne ya fi kama. Suka tare hanya, suka yi ta zaɓe, har mai gadi ya zo ya kore su, shi ma sai da ya tsaya ya duba.

A gida 'Yar Gwaji ta faɗa wa Yaya ta ci. Ya ce madalla, sai ya ga takarda. Matarsa ta tambayi butarta, da ta ji labari ta ce daman ta san abin da aka ara wa mai karatu ba ya dawowa, ta yi ta mita har aka kwashe kwanuka. 'Yar Gwaji ko a jikinta. Ta ci abinci ta ƙoshi, rabon da ta ci haka tun farkon zango.

Washegari aka tarar allon baranda ya yi giɓi. Yara sun ɓalle zanuka sun tafi da su unguwa. Monita ya ba da labari yana dariya cewa an manna ɗaya a jikin tankin ruwa, an huda wani an yi abin rufe fuska ana tsorata ƙananan yara da shi. Nan ne tsoro ya kama 'Yar Gwaji, ba don yarinyar ba, don hatimin. Ta sa aka cire sauran ta tura a ƙasan kabad, ta ce rana tana ɓata su.

Lokacin tara Gefe ta rage a aji kamar kullum. Ta taso ta ajiye takarda a teburin malama, a kife, ta koma gefe ta tsaya.

'Yar Gwaji ta juya takardar. Fuskarta ce, ita malamar. Yarinyar ta zana abin da ta gani daga kan kujera: mace a tsaye, hannu ɗaya ya miƙo gaba har yatsun sun yi girma sun cika ƙasan takardar, farce a nutse cikin wani abu da ba a nuna ba. Fuskar kuwa ba mai zanen take kallo ba, ta karkata can baya, haƙora a waje, idanu suna roƙo. Murmushin kare ne a gaban mai nama. Ba ta gyara komai ba, har ɗigon gumin da ke saman leɓe ta sa, ta murza inuwar ƙarƙashin ido da yatsa yadda aka koya mata. A duk abin da aka zana a makarantar nan ba wanda ya kama ƙafar wannan.

'Yar Gwaji ta daɗe tana kallo. Da yarinyar ta yi kuka ko ta zage ta, da ta san yadda za ta yi. Ta ji kunya ta taso mata, kafin ta kai wuya ta rikiɗe ta zama fushi.

Ta ce wannan rashin kunya ne, zagin malami ne, kuma in Hedimasta ya gani korarta zai yi daga makarantar. Ta ce amma ita mai tausayi ce, za ta rufa mata asiri, da sharaɗi. Abin da ya faru jiya darasi ne, an gama, ba abin kai wa gida ba ne. In mamarta ta ga wani zane a unguwa, ta ce ita ta roƙa a zana ta. In kuwa ta kuskura ta faɗi wani abu daban, wannan takarda za ta fito.

"Kin ji ni?"

"Na ji, Malama."

"Wa ya ce a zana ki?"

Yarinyar ta ƙara jawo ɗankwalin gaba.

"Ni na roƙa."

'Yar Gwaji ta ninke zanen ta sa a jakarta, cikin tawul ɗin da ta saba naɗe buta. Sifilin yana nan a littafin aji, ba ta gyara ba, don gyarawa sai an nuna wa Uwar Aji takarda. Gefe ta koma lungunta. Ta zaro fensira masu laushin nan daga aljihu, ta jera su a bakin benci, ba ta sake taɓa su ba. Kashegari ba ta zo makaranta ba, haka ma ranar da ta biyo baya. Uwar Aji ta ce ƙila zazzaɓi ne, yaran yanzu ba su da ƙwari, ta ba wani yaro bencin lungun saboda ya fi iska.

Sauran kwanakin 'Yar Gwaji ta yi su ne kunne a ƙofa. Duk mace da ta shigo harabar makaranta sai ta leƙa ta taga, sai ta ga mai sayar da alawa ce ko uwar wani ta kawo mantuwa. Ba wanda ya zo. A hankali ta fara gaya wa kanta cewa ta yi wa yarinyar gata ne ma, ai ba za ta ƙare rayuwa tana bin bango ba, gara ta saba da idon mutane tun yanzu. Ta faɗa wa Uwar Aji haka, Uwar Aji ta dube ta sama da ƙasa ta ce lallai 'Yar Gwaji an zama 'yar gida.

Ranar kammalawa ta sa sabuwar riga. Ofishin Hedimasta ɗan ƙarami ne, kabad ɗin ƙarfe ya cinye rabinsa, fanka tana juyi a sama ba ta kawo iska. Uwar Aji ta zo a matsayin shaida, ta zauna a kujera ɗaya tilo ta baƙi. Hedimasta ya yi ɗan jawabi kan tarbiyya da riƙon amanar yara, ya ce makarantar tana alfahari da ita, in ta gama kwaleji ƙofa a buɗe take. Ya tambaya, don cika ƙa'ida, ko akwai wani ƙorafi daga iyaye. Uwar Aji ta ce ita dai ba ta ji ba.

Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko hatimi. Ya danna shi a kan tawada, ya gwada a bayan hannunsa, bai fito ba. Tawadar ta bushe. Ya yi tsaki, ya ɗiga mata ruwa daga kofin shayinsa, ya sake dannawa yana murzawa. 'Yar Gwaji ta ƙura wa hannunsa ido. Shagon Yaya yana ja da baya, yana ƙanƙancewa, saura kaɗan ya ɓace.

Hasken ƙofa ya dushe.

Wata mata ce tsaye a bakin ofis, doguwa, cikin rigar aiki mai ruwan toka irin ta masu wanki a asibiti, mai gadi a bayanta yana haki yana cewa ya hana ta ta ƙi. Ba wanda ya san ta a cikinsu. Ba ta yi sallama da ƙarfi ba, ba ta kuma nemi wurin zama ba. Ta tako ta ajiye wani abu a kan teburin Hedimasta, daidai kan takardar da hatimin zai sauka. Zane ne, ya yamutse, an huda idanunsa biyu an ɗaura masa zare ta gefe da gefe.

'Yar Gwaji ba zanen ta kalla ba. Hannun da ya ajiye shi ta kalla. Fatarsa a tattare take tana sheƙi har wuyan hannu, yatsu huɗu a manne da juna kamar an narka su wuri ɗaya. Ta san hannun nan. Ta gan shi a bayan tsofaffin takardun jarrabawa ba sau ɗaya ba, ta sha cewa a rarraba yatsun, ana ce mata ai haka suke. Hannun da ya shiga wuta ya ɗauko jaririya ne.

Hatimin yana sama a hannun Hedimasta, tawada tana taruwa a bakinsa. Matar ta dubi Uwar Aji, ta dubi sabuwar rigar, ta tsayar da idonta a nan.

"'Yata ta ce ita ta roƙa a zana ta," ta ce, murya ƙasa-ƙasa. "Tun da na haife ta ba ta taɓa yi mini ƙarya ba sai wannan karon. Wacce ce malamar zane a cikinku?"

Uwar Aji ta turo baki wajen 'Yar Gwaji, ta gyara zama.